Na Je Turai Kallon Masai

Ni kafinta ne. Na shiga koyon aikin katako a 1968 ina yaro, ban kuwa ajiye zarto da guduma ba sai da idanuna suka fara gajiya. Na yi kujeru da gadaje da kabad waɗanda ba zan iya ƙirga su ba. Amma tun ina saurayi na ƙudura abu guda a raina, wato ba ko ɗaya cikin 'ya'yana da zai gaje ni. Na ce su yi karatu su zauna a ofis, su bar mini ƙurar katako.

Cikin yaran, Auta ce ta fi kai. Ta gama jami'a ta fito injiniya, a 2013 kuma ta sami taimakon ƙaro karatu a ƙasar Ostiriya. Masu karatu, ku lura, Ostiriya na ce, ba Ostireliya ba. Ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Turai, tana maƙwabtaka da Jamus da Italiya. Jamusanci suke yi, babban birninsu kuwa Viyana.

Ba wanda bai ji labari daga bakina ba a unguwarmu. Amma bayan 'yan watanni, muna magana a waya, na tambaye ta ainihin abin da take koyo.

Ta ce, "Baba, tsara fasalin kayan amfanin yau da kullum nake koyo. Kujera, da fitila, da murhu, da irinsu."

Na ce, "Ke wanne kike yi a ciki?"

Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta ce, "Murfin masai."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Da ta sake faɗa, sai na miƙa wa uwarta wayar na fita waje. Ashe duk wahalar da na sha domin in raba ta da katako, sai ta ƙetare hamada da teku ta koma ga abin da ya fi katako ƙasƙanci? Daga ran nan, in an tambaye ni abin da Auta take karantawa, sai in ce, "Injiniya," in kawar da zancen. Na yi wata takwas ban karɓi wayarta ba.

A farkon 2015 ta aiko da kuɗin jirgi daga abin da ta tara. Na ce ba za ni ba. Uwargida ta bar ni har dare, sa'an nan ta ce, "Maigida, ka yanke wa yarinya hukunci a kan abin da ba ka gani ba. Gani ya kori ji. Ka tafi, in ka dawo da fushinka ba zan sake sa baki ba." Haka na sauka Viyana a watan Afrilu, ina sanye da riguna uku, ina rawar ɗari, su kuwa suna murna wai sanyi ya wuce.

Gidan da aka gina domin masu sana'a

Kashegari Auta ta ce, "Baba, ba makarantarmu zan fara kai ka ba. Akwai gidan da ke jikinta."

Babban gini ne na jan bulo a bakin hanyar da ta kewaye tsohon birni. Suna kiransa MAK a taƙaice, wato gidan ajiya da nunin kayan sana'ar hannu. Sarkinsu Franz Joseph ne ya ba da iznin kafa shi a 1863, aka kuwa gama wannan gini a 1871. Dalilin kafa shi ne ya fara jan hankalina. An tara kyawawan kaya ne domin kafintoci da maƙera da masaƙa da magina tukwane su zo su duba, su koya, aikinsu ya ƙara kyau. A 1867 aka kafa makaranta a ƙarƙashinsa, ita ce ta girma ta zama jami'ar da Auta take ciki. Na tsaya a tsakar ginin, haske yana saukowa ta rufin gilashi, ina mamaki a raina cewa akwai inda sarki ya gina wa irinmu gida haka. Amma ban ce kome ba, gama ban shirya sauka daga fushina ba tukuna.

Ta fara kai ni wani dogon ɗaki inda aka jera kujeru a bayan farin labule, an kunna musu fitila ta baya. Inuwarsu kawai kake gani da fari, sai ka zagaya sa'an nan ka ga kujerun. Aikin wani kafinta ne mai suna Michael Thonet da 'ya'yansa. Bajamushe ne, ya komo Viyana da zama a 1842. Shi ne ya ƙware a dabarar lanƙwasa itace. Akan sa sandar itace cikin tururi mai zafi har ta yi laushi, a ɗaura mata ɗamarar ƙarfe ta bayanta domin kada ta tsage, a tanƙwara ta a kan ma'aunin ƙarfe, a bar ta ta bushe. In ta bushe ba ta sake miƙewa.

A 1859 ya fitar da kujerar da ake kira Lamba 14. Gutsuren itace 6 ne, da sukuru 10, da noti 2, shi ke nan. In an warware su, kujeru 36 suna shiga akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, a aika da su ko'ina a duniya, a harhaɗa a can. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Ƙafafun baya da majingina sanda guda ce aka lanƙwasa. Ni kuwa na san inda kujera take fara mutuwa, wato mahaɗin ƙafar baya da majingina, gama nan ne mutum yake danna nauyinsa in ya kishingiɗa. Na gyara ɗaruruwa da suka karye a wurin. Mutumin nan ya zauna ya yi tunani har ya kawar da mahaɗin ɗungum. Ban san lokacin da na ce, "Kai, wannan kafinta ne!" ba. Auta ta yi murmushi, ba ta tanka ba.

Matar da ta ƙirga sawun mai girki

Daga nan muka sauka ƙasa, ta nuna mini wani ɗan ɗakin girki, faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa wajen mita 3 da rabi. Wata mace 'yar Viyana ce ta tsara shi a 1926, sunanta Margarete Schütte-Lihotzky, domin gidajen ma'aikata da ake ginawa a birnin Frankfurt na Jamus. An sa irinsa a gidaje wajen 10,000. Wanda muka gani sake gina shi aka yi daidai da na asali.

Kafin matar ta ja layi ko ɗaya a takarda, sai da aka auna aikin girki da agogo, aka ƙirga sawun da mace take yi daga wurin wanki zuwa murhu, daga murhu zuwa wurin ajiya. Ta kuma duba yadda masu dafa abinci a jirgin ƙasa suke ciyar da mutane da yawa daga ɗan ƙanƙanen wuri. Sa'an nan ta jera kome kusa da hannu. Akwai kujera mai juyawa domin mace ta yi yanke-yanke a zaune. Akwai 'yan durowoyi na alminiyom masu mariƙi da baki, na shinkafa da sukari da sauransu, a jawo a zuba kai tsaye cikin tukunya. Ma'ajin gari da katakon oak ta yi shi, domin tsutsar gari ba ta son wannan itace. Katakon guga yana jingine a bango, sai an bukace shi a sauke.

Auta ta ce daga baya waɗansu mata sun yi gunaguni cewa ɗakin ya ware mace ita kaɗai, ba wurin da yaro ko maƙwabciya za su zauna su taya ta hira. Na ce ai uwarki ba za ta yi kwana ɗaya a ciki ba. Muka yi dariya tare, ita ce dariyarmu ta farko cikin shekara guda.

Amma dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Na tuna uwargida tana sunkuye a bakin murhu, gishiri yana ɗaki, muciya tana rataye a wancan bango, randar ruwa tana can ƙarƙashin bishiya. Ta shekara fiye da talatin tana wannan kai da kawowa, tana dafe da ƙugu da yamma. Mijinta kafinta ne, bai taɓa ƙirga sawunta ba.

Abin da ya kawo mu

Sa'an nan muka shiga babban zauren da ake nunin kayan zamani. A wannan shekara, daga Janairu zuwa Mayu, an ba da zauren ga aikin waɗansu mutum uku, Martin Bergmann, da Gernot Bohmann, da Harald Gründl. Sun haɗa kai a Viyana a 1995, suka sa wa ƙungiyarsu suna EOOS, lokacin kuwa sun cika shekara 20 suna aiki tare. Su ba masu masana'anta ba ne. Aikinsu su zauna su yi nazarin yadda mutane suke amfani da abu, har su bi sawun al'adun dā, su tsara fasalinsa, sa'an nan kamfanoni su ƙera.

Na ga kujerun falo da tebura masu kyau, irin na masu kuɗi. Na ga wani kicin da suka tsara wa wani kamfanin Jamus, ya fito a 2008. Da ganinsa na gane shi, gama shagon kafinta suka kwaikwaya. Dogon benci ne na aiki, da murhu da wurin wanki a jikinsa, sai kabad mai manyan ƙofofi. In ka buɗe ƙofofin, kowace wuƙa da ludayi da tukunya tana gabanka a fili, ba sai ka yi lalube ba. Haka akwatin kayan aikina yake tun ina ɗan koyo. Na yi wa zartona da gudumata wannan gata, ban yi wa muciyar matata ba.

A cikin wannan zaure, tsakanin waɗannan kaya masu tsada, ga masai a tsaye.

Shuɗi ne, na tsuguno irin namu, da dogon bango a bayansa wanda ya fi ni tsayi, da wurin wanke hannu a jikin bangon. Turawa suna kewaya shi suna karanta bayani kamar yadda suka yi wa kujerun Thonet. Auta ta bayyana mini tarihinsa. A 2011 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta yi kira ga masana su ƙirƙiro masai wanda ba ya bukatar famfo, ko lambatu, ko wutar lantarki ta gari, kada kuma kuɗin amfani da shi ya wuce santi 5 na dalar Amurka ga mutum ɗaya a rana. Gama a lokacin mutane fiye da biliyan 2 a duniya ba su da makewayi mai tsabta. EOOS suka haɗa kai da Eawag, wata cibiyar binciken ruwa ta ƙasar Suwizalan, suka yi wannan. A 2012 aka ba su lambar yabo saboda kyan tsarinsa, aka kuma gwada shi a unguwannin talakawa na Kampala da Nairobi.

Dabararsa ita ce rarrabewa. Fitsari yana bin hanyarsa, bayan gida yana faɗawa cikin nasa mazubi a rufe, ruwan tsarki da na wanke hannu kuma yana komawa cikin bangon nan, a tace shi, a kashe ƙwayoyin cuta, ya sake dawowa. Ma'aikata sukan zo su ɗauke mazuban su kai inda za a mai da abin taki, gama yawancin abincin shuka da jikin mutum yake fitarwa yana cikin fitsari ne. In an cuɗe su duka wuri ɗaya, sai wari da cuta. In an raba, kowanne yana da amfani.

Na duba shi da idon mai sana'a, na ce, "Dabara ta yi. Amma kayan cikinsa sun yi yawa. Ran da ya lalace a ƙauye, wa zai gyara?"

Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Wannan na gwaji ne. Shi ya sa ni nake neman abin da kowane kafinta da birkila za su iya yi da kayan da ke kasuwarsu."

Na ce, "To, amma duk kayan duniya, me ya sa sai masai?"

Abin da ban sani ba

A nan dole in gaya muku abin da ban cika faɗa ba. Auta ba ita ce autarmu ta fari ba. Tana da ƙane. A daminar 1991, shekarar da amai da gudawa ya ɗebi mutane da yawa a ƙasarmu, yaron ya kwanta da safe, kafin wayewar gari ta biyu ya tafi. Shekararsa uku, ita kuwa shida. Daga nan ne sunan Auta ya koma kanta.

Muka zauna a wani benci daura da masan nan. Ta ce, "Baba, ka san mu yara ba ma shiga masan gidanmu?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Ramin ya yi mana faɗi, katakon kuma yana motsi in an taka. Tsoro muke ji kada mu faɗa. Sai mu zagaya bayan katanga, wajen rijiya. Ni nake riƙe hannunsa in kai shi can."

Ni na shimfiɗa katakon nan. Ragowar aiki ne na kwaso daga shago, na jera a bakin rami cikin rabin sa'a, ban yi masa murfi ba, ban auna shi da ƙafar kowa ba sai tawa. Na kuma tuna sarai aikin da ke hannuna a wannan damina, wato wani kabad mai madubi na wani attajiri. Na yi mako uku ina goge shi, ina shafa shi da tafin hannu ko zan ji ƙaiƙayi.

Ta ga fuskata, ta kama hannuna ta ce, "Ban ce laifinka ne ba, Baba. Cutar ta cika gari a shekarar. Ni ma na daɗe ina ɗora wa kaina. Amma na ga ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin yaro ɗan shekara uku sa'ad da ake yin masai. Ina so in zama wadda ta zauna."

Tsoho ya yi kuka a gaban Turawa ran nan. Ba wanda ya dame mu. Da na sami kaina na ce mata, "Auta, ki gafarce ni." Ta ce, "Haba Baba, ni ce da neman gafara, da ban gaya maka dalilina tun farko ba."

Da yamma ta kai ni wurin aikinsu ta nuna mini murfin da take gwadawa. Katakon da ta zaɓa ba zai yi damina biyu a wurinmu ba, na kuwa gaya mata haka. Ta jawo littafi da alƙalami ta ce, "To, wanne zan sa?" Na ce kirya, gama gara ba ta cinta da sauƙi, in ba a samu ba maɗaci. Na nuna mata yadda za a yi mariƙin ya yi tsawo domin kada hannu ya kusanci bakin rami. Muka kai tsakar dare muna zane. Shekara arba'in da bakwai ina wannan sana'a, ran nan ne ɗaya daga cikin 'ya'yana ya fara tambayata a kanta, gama ni na hana su.

Bayan na komo

Uwargida ta tarye ni a ƙofa ta dubi idona, ba ta tambaye ni kome ba. Kashegari na ɗauki kujera na zauna a tsakar gida da takarda, ina sa alama duk sa'ad da ta tashi ɗauko wani abu. Ta ce, "Maigida, lafiya?" Na ce aikin makaranta nake yi. Kafin tuwo ya nuna na cika shafi.

Na kafa mata tebur daidai ƙugunta a rumfar girki, da kabad mai ƙofofi biyu inda muciya da ludayi da mara da maburgi kowanne yake da ƙusarsa. Na matso da randa kusa. Ban kewaye rumfar ba, domin maƙwabta su sami wurin zama. Sa'an nan na kira birkila muka haƙa sabon masai nesa da rijiya, muka zuba masa daɓen siminti, da rami daidai ƙafar yaro, da murfi mai dogon mariƙi, da sandar dafawa a bango saboda jikoki da kuma mu tsofaffi. Buta da sabulu suna bakin ƙofa.

Mutanen nan uku na Viyana ba su tsaya ba. A 2016 suka tsara tebura da kanta masu sauƙin haɗawa, 'yan gudun hijira da aka saukar a wani babban gida a Viyana suka ƙera su da hannunsu. A 2019 kuma suka nuna wani sabon masai a birnin Milan na Italiya, wanda yake ware fitsari ba tare da wani inji ba. Kun san yadda shayi yakan bi jikin bakin buta ya gangaro in an zuba shi a hankali? Wannan hali na ruwa, wanda yake ɓata wa mata faranti, shi suka sa ya yi musu aiki. Da Auta ta ba ni labari, na ce lalle mutanen nan suna kallon abin da kowa yake gani ya wuce.

Yanzu in an tambaye ni aikin 'yata, nakan ce, "Masai take tsarawa," in kuwa mai tambayar ya yi dariya, sai in ja shi in nuna masa namu.

'Yan'uwa magidanta, ba sai kun je Viyana ba. Yau da yamma ku zagaya bayan gida ku duba. Masai yana da murfi? Tsakaninsa da rijiya ya kai mita 30? Akwai ruwa da sabulu, ko toka, a kusa? Sa'an nan ku kira ƙaramin yaron gidan, ku tambaye shi a hankali, ba da tsawa ba, ko yana shiga. Ni ban tambaya ba sai bayan shekara ashirin da huɗu.